Tayar da Ake Ja: Abin Dubawa Kafin a Saya wa Tirela Taya

(Kiɗan buɗe shiri)

Wannan shi ne shirinmu na faɗakarwa a kan tuƙi da kiyaye haɗurra. Yau a kan taya za mu yi magana, sai dai ba tayar motar da direba ke zaune a ciki ba. Muna nufin tayar abin da aka maƙala a bayan mota ana ja, wanda ba shi da inji, ba shi da sitiyari, iyakarsa ya ɗauki kaya ya bi motar duk inda ta nufa.

Darasin za mu ɗauko shi ne daga ƙasashen da suka fi kowa sanin wannan taya, domin sun fi kowa shan wahalarta. A Amurka da Turai da Ostareliya akwai wata al'ada ta hutu. Mutum zai sayi ɗaki guda mai tayoyi, da gado a ciki, da murhun gas, da firji, da banɗaki, da tankin ruwa. Hutu na zuwa sai ya ɗaura shi a bayan motarsa, ya kwashi iyali su nufi bakin teku ko gandun daji, duk inda dare ya yi musu nan ne gida. Mu kira ta tirelar zango. Al'adar ta daɗe. Tun a shekarun 1930 wani Ba'amurke mai suna Wally Byam yake ƙera irin tasa mai jikin alminiyam, wadda ake kira Airstream, kuma a 1959 ya jagoranci ayarin tireloli 41 daga birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu da nufin zuwa Alƙahira. A yau garin Elkhart da ke jihar Indiyana da kewayensa su ne cibiyar ƙera waɗannan ɗakuna a Amurka.

Wani zai ce, to ina ruwanmu da hutun Turawa? Ruwanmu shi ne mu ma muna ja, ko da yake ba don hutu ba. Akwai mai jan janareto zuwa wajen taro, akwai mai jan tankin ruwa zuwa wajen gini, akwai mai jan injin sussuka daga gona zuwa gona, da mai jan injin kwaɓa siminti, da mai ɗaukar lasifikokin biki. Taya kuwa ba ta san bambancin gadon Bature da buhun masara ba. Nauyi ta sani, da zafi, da shekaru.

Babbar maganar yau ita ce wannan: tayar tirela ba kasafai take mutuwa ta hanyar cinyewar zane ba. Tayar mota ita ke ja, ita ke juyawa da sitiyari, ita ke shan yawancin birki, don haka zanenta yake ci a hankali har ta yi sanƙo, mai ita ya gani da idonsa ya canja. Tayar tirela kuwa tafiyarta kaɗan ce, zamanta ya fi yawa. Tirelar zango takan yi wata takwas ko goma a ajiye a bayan gida, ta fita sau uku ko huɗu a shekara. Bayan shekara bakwai in ka duba zanenta sai ka rantse jiya aka sa ta, alhali a ciki ta riga ta gama aiki. Masu wannan harka a Amurka sun daɗe da gane haka, da yawansu a gefen titi suka gane, ana tsakiyar rana, yara na kuka a mota.

Me ke faruwa a cikin tayar? Taya ba dunƙulen roba ba ce. Shimfiɗu ne a kan shimfiɗu: zaren da aka saƙa, da ɗamarar wayoyin ƙarfe, duk an manne su da roba an gasa. Iskar da ka hura a ciki tana ɗauke da iskar oksijin, kuma a hankali tana ratsa robar tana busar da ita, har mannin da ke tsakanin ɗamarar waya da sauran jikin tayar ya yi rauni. Daga waje kuma rana na dukanta. Masu ƙera taya suna zuba wasu sinadarai a cikin robar don kare ta daga tsagewa, amma waɗannan sinadarai ba sa fitowa saman fatar tayar sosai sai tana birgima tana lanƙwasuwa. Ka ga ke nan zaman da muke ɗauka hutu ne ga taya, a gare ta ciwo ne. Tayar tasi mai fita kullum takan fi tayar da aka ajiye a rana lafiyar fata.

Saboda haka abu na farko da za ka nema a jikin taya shi ne ranar haihuwarta, kuma a rubuce take. Tsuguna ka duba gefen tayar, kusa da bakin wili. Za ka ga haruffa uku, D da O da T, sai wasu haruffa da lambobi su biyo baya. Ƙyale na tsakiyar, je ka ƙarshen layin. Akwai lambobi huɗu, galibi a cikin wani ɗan zagaye mai kama da hatimi. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019, wato farkon watan Yuni. In ka ga 0522, mako na biyar ke nan na 2022. In ba ka ga lambobin a gefen da ke fuskantarka ba, leƙa ɗaya gefen, domin sau da yawa gefe ɗaya kaɗai ake buga cikakken layin. In kuwa lambobi uku ka gani maimakon huɗu, to an yi ta kafin shekarar 2000, ba ta da sauran amfani a kan titi, sai dai a bakin rijiya.

Shekara nawa ne iyaka? Nan an ɗan sha bamban, amma ba da nisa ba. A Ingila babbar ƙungiyar masu tirelar zango tana ba mambobinta shawarar su canja taya in ta kai shekara biyar, kada kuma ta wuce bakwai ko yaya zanenta yake. A Jamus abin ya shiga doka: mai jan tirela ba ya wuce kilomita 80 a sa'a, sai in ya nemi izinin gudun kilomita 100, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗan izinin shi ne kada tayoyin tirelar su kai shekara shida. A nan gida Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta daɗe tana gargaɗin cewa a ɗauki shekara huɗu a matsayin wa'adin taya. Wasu na ganin ta tsananta. Ni dai a ganina, ga tayar da ke ɗaukar lodi a ƙasar zafi irin tamu, hukumar ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Dalili kuwa shi ne zafi yana gaggauta duk abin da muka faɗa. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan shida da rabi daga hannun jama'a a Amurka, bayan da aka yi ta samun fatar taya tana ɓallewa daga jikinta ana cikin gudu, musamman a motocin Ford Explorer, aka yi asarar rayuka da dama. Da aka bi diddigi sai aka ga abin ya fi yawa a jihohi masu zafi na kudancin ƙasar, an kuma ga irinsa a Saudiyya da Benezuwela. Daga baya, da hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta so nazarin yadda taya ke tsufa, birnin Finiks na jihar Arizona ta je ta tattaro tayoyi, saboda tsananin zafinsa. To, zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a inuwa, ba ƙanen zafin Finiks ba ne. Kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Lissafin shekarun da aka yi don sanyin Ingila, mu sai mun rage shi.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan maganar tayar tirela. Mun ga shekaru, saura nauyi, kuma a nan ne aka fi yin ganganci.

Bari mu karanta wata taya tare, irin wadda ake yawan gani a ƙarƙashin tirelar zango a Amurka. A gefenta an rubuta ST205/75R15. Haruffa biyun farko, S da T, suna nufin taya ce da aka yi don tirela kaɗai. Gefenta ya fi na tayar mota tauri, don ta ɗauki nauyi kuma kada tirela ta riƙa rangaji. Ba a sa ta a mota, ba a yi ta don ja ko sitiyari ba. Lamba 205 faɗinta ne a milimita, 75 tsayin gefenta ne a kan faɗin, kashi 75 cikin ɗari, R tana nufin ginin radiyal, 15 kuma girman wili ne a inci. Duk wannan girma kawai ya gaya maka. Bai gaya maka ƙarfi ba.

Ƙarfin yana ɗan gaba, a ƙananan haruffa. Wannan taya ɗin, girma ɗaya, ana yin ta a aji fiye da ɗaya. Mai ajin C tana ɗaukar kilo 825 in an hura mata iska geji 50. Mai ajin D tana ɗaukar kilo 975 a geji 65. In ka jera su a ƙasa ba za ka bambance su da ido ba, amma tsakaninsu akwai kilo 150 a kowace taya, wato buhun siminti uku. A tirela mai taya huɗu bambancin ya zama kilo 600. Mai shago zai iya miƙo maka mai rahusar ya ce ai lamba ɗaya ce, kuma bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa.

Turai ba su cika amfani da ST ba. Su tayar ƙananan motocin kaya suke sa wa tirelarsu, mai harafin C a bayan girman wili, kamar 185R14C. Ita ce kuma ta fi sauƙin samu a kasuwanninmu, domin irinta ce a ƙarƙashin bas-bas ɗin haya, kamar 195R15C ta motar Hiace. A irin wannan za ka ga lambobi biyu da aka raba da sanda, misali 106/104. Waɗannan lambobin nauyi ne, kuma akwai jadawalinsu da duniya ta yarda da shi: 82 na nufin kilo 475, 91 kilo 615, 100 kilo 800, 102 kilo 850, 106 kilo 950. Ta farkon ita ce taka in taya ɗaya ce a kowane gefe. Ta biyun ta masu jera tayoyi bibbiyu ce.

Yanzu mu yi lissafi da abin da muke gani kullum. Mai walda ya samo ƙafar bayan wata tsohuwar mota ƙarama, ya ɗora mata firam, aka aza tankin ruwa mai lita dubu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ruwan kaɗai ya zama kilo 1,000. Firam da tanki da ƙafar, mu ce kilo 300. Jimla 1,300. Wani ɗan kaso zai sauka a kan maƙalar mota, mu ce kilo 130, saura 1,170 a kan taya biyu, kowace kilo 585. Tayar da ta zo da ƙafar kuwa 175/70R13 ce mai lamba 82, wato kilo 475 iyakarta. A ƙa'idar Amurka ma, in aka sa tayar ƙaramar mota a tirela, sai an raba ƙarfinta da 1.1, ta dawo kamar kilo 430. Ka ga kowace taya tana ɗauke da kilo 150 da ɗoriya fiye da ƙarfinta, a kan hanya mai ramuka, ruwa kuma na tambal-tambal a cikin tanki yana jefa nauyin daga wannan gefe zuwa wancan. Ranar da ta fashe sai a ce tsautsayi. Tsautsayi gaskiya ne, amma wannan lissafi ne da ba a yi ba.

Masu tirelar zango ma suna faɗawa wannan rami. Kamfani yakan sa tayar da ƙarfinta ya yi daidai da nauyin da aka rubuta a jikin tirelar, ba ragi ba ƙari sosai. Sai mai ita ya cika tankin ruwa, ya ƙara tukwanen gas, da batura, da kekunan yara, da kujeru, da abincin mako biyu. Wannan ne ya sa waɗanda suka ƙware suke shiga tashar manyan motoci su hau sikeli bayan sun gama lodi, su ga ainihin abin da ke kan tayoyin. Wasu har taya ɗai-ɗai suke aunawa, domin gefen da murhu da firji suke yakan fi ɗayan nauyi. Shawarar da suka fi bayarwa ita ce a bar rara, kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, tsakanin nauyin da ke kan taya da iyakar da aka rubuta mata. In babu sikeli a kusa, ƙirga buhunanka da jarkokinka da biro da takarda. Ya fi ƙiyasin ido.

Wani gargaɗi ga mai son hawa aji: in za ka tashi daga taya mai geji 50 zuwa mai 80, tabbatar wilin zai jure wannan iska, bawul ɗin ma haka, domin bawul ɗin roba na ƙaramar mota bai wuce geji 65 ba. Sannan taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa ƙafar tirela ko sifirin ɗinta ƙarfi. Abin da ya fi rauni a cikinsu shi ne iyakarka.

Wannan ya kawo mu kan iska. Duk nauyin da aka rubuta a gefen taya, da sharaɗi aka rubuta shi: sai in tana da iskar da aka ambata kusa da shi. Iska ce ke ɗaukar kaya, roba riƙe ta kawai take yi. In iskar ta ragu, gefen tayar yakan lotsa a inda ya taɓa ƙasa ya kuma miƙe in ya bar wurin. Tayar nan ta inci 15 da muka karanta, a gudun kilomita 100 tana juyawa kusan sau 13 a kowace daƙiƙa. Ka taɓa karya waya da hannu, ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta yi zafi ta ƙona maka yatsa kafin ta katse? Haka yake faruwa a cikin tayar da ba ta da isasshiyar iska. Kuma direba ba zai ji ba. In tayar mota ta yi laushi sitiyari zai gaya maka. Ta tirela tana can baya shiru, sai ka ji ƙara kamar ta bindiga, ko wani ya zo wucewa yana yi maka ham yana nuna baya.

Mun san yadda ake yi a bakin titi. Ka tsaya wajen mai faci, ya ɗauko sifana ya ƙwanƙwasa tayar, ya saurari amonta, ya danna da babban yatsa ya ce, “Lafiya lau take, Alhaji.” Allah ya saka wa masu faci, ba don su ba da yawanmu mun kwana a daji. Amma taya mai tauri irin ta tirela tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ta kuma amsa sifana da kyakkyawan amo. Sayi gejinka, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba ko kusa, ka ajiye a mota. Auna da safe kafin a tashi, tayar na sanyi. In kun yi tafiya ka auna ka ga iskar ta hau, kada ka sace ta. Hawan nan na zafi ne, kuma masu ƙera tayar sun yi lissafinsa. Wanda ya rage iska da rana tsaka don tsoron fashewa, shi ne ya jawo fashewar da hannunsa.

Gudu ma a rubuce yake, harafi ɗaya ne a bayan lambar nauyi. J kilomita 100 ne a sa'a, L 120, M 130, N 140. Shekaru da yawa tayoyin ST a Amurka iyakarsu mil 65 ne, kimanin kilomita 105, a ƙasar da manyan hanyoyinta ke ba mota damar wuce haka, kuma wannan na cikin dalilan yawan fashewarsu. Daga baya kamfanoni suka fito da masu jure gudu, kamar Goodyear Endurance da ta fito a 2017 da harafin N. Sai dai harafin gwaji ne da aka yi da sabuwar taya, mai cikakkiyar iska, ba lasisin gudu ba ne. Jihar Kalifoniya ta tsayar wa mai jan tirela mil 55, Ingila mil 60 a babbar hanya. Dokar hanya ta Najeriya ta tsayar wa manyan tireloli da tankoki kilomita 60 a tagwayen hanya, kuma mai jan ƙaramar tirelar da aka haɗa a gareji ba shi da hujjar wuce su.

Maganar radiyal da mai saƙar gicciye ba za mu daɗe a kanta ba. Mai harafin R ta fi sanyi a doguwar tafiya, ita ce ta kwalta. Mai saƙar gicciye, wato mai harafin D a wurin R, ta fi dacewa da gona da gajeren zango. Kada dai a haɗa su a tirela ɗaya.

(Gajeren kiɗa)

To, a ina za a saya, kuma wace iri? Masu tirelar zango a Amurka suna da dogon ƙorafi a kan tayoyi masu araha marasa suna da wasu tireloli ke fitowa da su daga masana'anta, har da yawansu suna cire su tun suna sababbi. Galibi laifin a kan ƙasar da aka yi tayar suke ɗora shi. Ni ban yarda da wannan awo ba. Manyan kamfanoni ma suna da masana'antu a Chaina da Tailan da sauran ƙasashen Asiya. Abin tambaya shi ne, akwai sunan kamfani da aka sani a jikinta? Rubutun nauyi da iska da ranar yi sun fito raɗau? Akwai dila tsayayye da za ka koma wa in ta ba da matsala? In amsar a'a ce, bar ta, ko daga ina ta fito.

A wajenmu tambayar ta fi nauyi. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, tayoyinmu daga waje suke zuwa, sababbi da na gwanjo. Shigo da tsofaffin tayoyin mota yana cikin jerin abubuwan da Hukumar Kwastam ta hana, amma kowa ya san kasuwa cike take da su. Na san halin da ake ciki, na san kuɗin sabuwar taya ba wasa ba ne. Amma a tuna dalilin da ya sa Bature ya yar da tayar da zanenta bai ci ba. Sau da yawa shekarunta ne suka cika. Wato abin da ya sa ta yi maka kyau a ido, shi ne abin da ya sa aka jefar da ita. Wasu kuma tayoyin hunturu ne, za ka gane su da hoton dutse mai kawuna uku da ƙanƙara a tsakiyarsa. Robarsu mai laushi ce, don sanyi aka yi ta, ba don kwaltar Gusau ba.

In dole ta sa sai ta gwanjo, to kada ka saya tana kan wili ko tana cikin tsibi. Sa a fito da ita rana. Goge baƙin man da aka shafa mata don ta yi sheƙi. Karanta lambobi huɗun nan, in an kankare su ko an goge wurin, ajiye ta ka wuce. Buɗe bakinta ka leƙa ciki, ka shafa da tafin hannu: in ka ji garin roba, ko wani layi mai kaushi da ya zagaye gefen, an taɓa tafiya da ita babu iska, ta mutu. Matsa gefenta ka duba ƙananan tsage, duba cikin ramukan zanen ma. Kumburi ko kaɗan ne, zaren ciki ya tsinke. Faci a gefe ba faci ba ne, gyaran huji a kan zane kaɗai ake yi, shi ma in bai wuce milimita shida ba. Ka kuma yi hattara da tayar da aka sassaƙa wa sabon zane da wuƙa mai zafi. Wannan aiki ana yin sa ne ga wasu tayoyin manyan motoci da aka rubuta musu izinin haka, ba ga tayar ƙaramar mota ba.

Sabuwa ma a duba ranarta. Takan yi shekara biyu ko uku a sito tana jiran mai saye, a cikin zafin kwano.

Ga masu tirela mai ƙafa biyu, wato taya huɗu, akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. In ɗaya ta fashe, maƙwabciyarta ta gefe ɗaya ita ke ɗaukar kayan biyun har ka tsaya, ga kuma dukan wayoyin da suka tarwatse. Tana iya yiwuwa ta yi kyau a ido, sai bayan kilomita ɗari ita ma ta tafi. Ƙwararru sukan canja biyun tare. Safaya kuma taya ce kamar sauran, tana tsufa a inda aka rataye ta, tana kuma rasa iska. Tabbatar jak ɗinka da sifanarka sun dace da tirelar, domin notinta ba lallai ya zama ɗaya da na motar ba. Bayan an ɗaura wili a sake ɗaure notuna in an yi kamar kilomita 80. In ka tsaya shan mai, kewaya ka kai bayan hannunka kusa da kowace taya da cibiyar wili. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi tana da magana, ko iska, ko boris ya bushe, ko birki na kamawa. Lokacin ajiya kuma a sauke kayan, a sa katako a ƙarƙashin tayoyin, a rufe su daga rana, a ɗan motsa tirelar lokaci-lokaci.

In kuwa duk da haka ta fashe kana cikin tafiya, ƙafarka za ta so ta danne birki. Hana ta. Riƙe sitiyari da hannu biyu, miƙe motar, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, bar gudun ya mutu da kansa, sannan ka taɓa birki sannu-sannu ka gangara gefe, ka kunna fitilun haɗari. Birkin gaggawa ne ke sa tirela ta turo motar ta naɗe da ita.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya cim mana. Roƙona ga duk mai wani abin ja a gida ko a wajen aiki, da direbobin da ake ba su ja: gobe da safe kafin a kunna mota, a tsuguna a karanta lambobi huɗun nan da lambar nauyi a kowace taya, har da safaya, a rubuta a takarda. Wadda ta haura shekara huɗu a cire ta, ko da zanenta na sheƙi. Direban da ba shi ne mai motar ba, ya kai wa maigidansa takardar ya gani da idonsa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)